Za a hana ajiye mota a layinmu sai da izini: ta yaya ake ƙin amincewa?

Baban Zainab:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa mazauna Ingila, musamman waɗanda suka taɓa shiga irin halin da muke ciki. Ina zaune da iyalina a wata unguwa ta gefen Landan, a layin da gidajensa suke jere manne da juna, babu mai gareji, kowa a bakin titi motarsa take kwana. Makon jiya wasiƙa ta zo mana daga ƙaramar hukuma, aka kuma liƙa irinta a jikin ƙarafan fitilun titi, cewa za a mayar da layinmu da wasu huɗu na kusa wurin da ba a ajiye mota sai da takardar izini, daga ƙarfe takwas da rabi na safe zuwa shida da rabi na yamma, Litinin zuwa Asabar. Mazauni zai riƙa sayen izininsa duk shekara, kuɗin mota ta biyu ya fi na ta farko, baƙo kuma sai an saya masa kati na awa ko na wuni. Za a kuma ja layin rawaya biyu, wato alamar hana ajiye mota, a kowace kwanar titi, wanda a lissafin maƙwabcina zai cinye gurbin motoci shida ko bakwai.

Dalilin da suka bayar shi ne mutanen da suke tahowa daga nesa su bar motocinsu a ƙofofinmu tun da sassafe, su hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari, ba su dawowa sai dare. Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Sai dai surukata tana zaune tare da mu, kuma masu kula da ita suna zuwa sau biyu kowace rana da motarsu. Asabar kuwa ita ce kaɗai ranar da 'yan'uwa suke samun sukunin zuwa gaishe ta, ga shi an saka ta cikin ranakun hani. Maƙwabta sun fara zagayawa da takardar koke ana sa hannu, an ce mu ce ba mu yarda ba gaba ɗaya. Tambayata ita ce: shin wannan takarda tana da wani tasiri a doka, ko kuwa an riga an yanke hukunci, jin ra'ayin namu na ganin ido ne kawai?

Injiniya Habu:

Wa alaikumus salam, Baban Zainab. Allah ya ba Hajiya lafiya. Na yi shekaru ina aiki a sashen tituna na wata ƙaramar hukuma a nan ƙasar, saboda haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki.

Abu na farko da za ka duba shi ne wace irin wasiƙa ce ta zo muku, domin matakan biyu ne kuma mutane suna yawan haɗa su. Akwai tuntuɓar share fage, inda ake aiko da tambayoyi a ji ko mazauna suna so ko ba su so. Akwai kuma sanarwa ta doka, wadda ake bugawa a jaridar yankin, galibi a liƙa ta a titi. Tun da ka ce an liƙa a ƙarafan fitilu, na fi zaton kun kai mataki na biyu. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon ja layi ko kafa allo ta fara cin mutane tara haka kawai. Sai ta fitar da umarni a ƙarƙashin dokar tsara zirga-zirgar ababen hawa ta 1984, kuma ƙa'idojin 1996 da suka shafi Ingila da Wales sun wajabta mata ba jama'a aƙalla kwana 21 su gabatar da ƙorafi. Ƙorafin dole ya zama a rubuce, dole kuma ya faɗi dalili. Hukuma ba ta da damar zartar da umarnin sai ta duba kowane ƙorafi da ya iso cikin wa'adi, kuma idan ta zartar ba tare da ta biya maka buƙatarka ba, wajibi ne ta rubuto maka dalilinta cikin kwana 14. Ka duba ranar rufewa a ƙasan sanarwar yau ɗin nan, domin abin da ya zo bayanta ihu ne bayan hari.

Game da takardar koke, ba zan ce ba ta da amfani ba, tana nuna wa kansiloli yawan ƙuri'un da ke layin. Amma a rahoton da jami'i yake rubuta wa masu yanke shawara, sau da yawa takarda mai sa hannu ɗari tana fitowa ne a sakin layi ɗaya, tare da amsa ɗaya, alhali wasiƙu ashirin masu dalilai daban-daban sai an bi kowane dalili an amsa shi. Wasiƙar da ta ce "ba mu so, mun daɗe a nan" ita ce mafi sauƙin amsawa, saboda a doka bakin titin da ke ƙofar gidanka ba naka ba ne, hanyar jama'a ce. Wadda take tsayar da jami'i ita ce mai cewa: matsalar da kuka ambata ta masu hawa jirgi ce, to me ya sa maganinta zai kai awa goma a rana har da Asabar? Unguwanni da dama na gefen Landan suna maganin wannan matsala da hanin awa ɗaya ko biyu a tsakiyar rana, Litinin zuwa Juma'a. Wanda ya tafi aiki cikin gari ba zai iya dawowa da hantsi ya gusar da motarsa ba, don haka dole ya nemi wani wuri, baƙonka na yamma kuwa babu abin da ya shafe shi. Ka nemi takardar bayanin dalilai da taswirar tsarin, dole ne su ajiye su inda kowa zai iya gani, ka kuma tambaye su ƙidayar motocin da suka yi: wace rana, ƙarfe nawa, kuma ko sun ƙirga na Asabar. Idan ba su ƙirga ba, ka samu hujja mai ƙarfi.

Batun masu kula da Hajiya ka rubuta shi dalla-dalla, da lokutan zuwansu da tsawon zamansu. Hukumomi da yawa suna da izini na musamman na masu jinya, wasu kyauta, wasu da rangwame, amma sai an nema. Idan Hajiya tana da shuɗin katin masu naƙasa, kuna iya neman a ware gurbi kusa da ƙofarku.

Layin rawaya na kwana kuwa, shawarata kada ka ɓata tawada a kansa. Ƙa'idar tuƙi ta ƙasar nan dama ta ce kada a ajiye mota cikin mita 10 daga mahaɗar hanya, kuma da zarar 'yan kwana-kwana ko masu motar kwashe shara sun ce ba su iya shan kwanar, babu kansilan da zai yarda ya sa hannu a cire shi.

Maman Sadiƙ:

Baban Zainab, ka yi haƙuri, ni zan zo ta wata fuska, domin mun taɓa yin abin da maƙwabtanka suke shirin yi, kuma mun ga ƙarshensa. Shekarun baya aka kawo irin wannan tsari unguwarmu. Layinmu ya haɗa kai ya ce a'a, aka kuwa saurare mu, aka cire mu daga taswira, layukan da ke kewaye da mu suka karɓa. Mun yi murna ta wata biyu. Daga nan duk motar da aka kora daga can sai ta gangaro wajenmu: masu hawa jirgi, masu motocin aiki, har da mazauna layukan da suka karɓi tsarin amma ba su son biyan kuɗin mota ta biyu. Maigidana yana dawowa daga aikin dare ya yi ta zagaye kafin ya samu gurbi, wani lokaci nesa da gida ƙwarai. Muka yi gudun gara muka faɗa gidan zago. Ƙarshenta mu da kanmu muka rubuta muna roƙon a saka mu, aka ce sai mu jira zagaye na gaba na bita, muka yi kusan shekara biyu muna jira.

Akwai kuma abin da masu mota ba su cika gani ba. Idan layi ya cika, mutane sukan fara ɗora tayoyi biyu a kan hanyar masu tafiya a ƙasa. A Landan an haramta wannan tun dokar 1974, sai inda aka kafa allon da ya halatta, amma inda jami'ai ba su sintiri wa zai hana? Ni da nake tura keken yara biyu na sha sauka kan kwalta saboda an toshe hanya, kuma ranar da za ku fitar da Hajiya a keken guragu za ku ga abin da nake nufi. Tsarin izini yana kawo sintiri, sintirin kuma shi ya gyara mana wannan.

Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne izinin ba ya ba ka tabbacin gurbi. Damar nema kawai kake saya. Idan motocin mazauna layinku sun fi guraben yawa, da daddare za ku ci gaba da cunkuso kamar da, tun da hanin na rana ne. Ku ƙirga motocin layin da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sannan ku ƙirga da sha ɗaya na safe. Bambancin da ke tsakani shi zai gaya muku ko baƙi ne matsalarku ko ku ne matsalar kanku.

Alhaji Ɗan Zazzau:

Maman Sadiƙ ta faɗi gaskiyar abin da ta gani, amma ni ban yarda a riƙa yi wa waɗannan hukumomi kyakkyawan zato fiye da kima ba. Shekarar farko kuɗin izini kan zo da sauƙi, idan kowa ya shiga sai a fara ƙari, kuma babu hanyar fita. Ba zargi nake yi ba, kotu ta taɓa tabbatar da haka. A 2011 hukumar Barnet da ke arewacin Landan ta ɗaga kuɗin izinin mota ta farko daga fam 40 zuwa fam 100, katin baƙo kuma daga fam 1 zuwa fam 4. Wani mazaunin yankin, David Attfield, ya kai ƙara Babbar Kotu, kuma a watan Yulin 2013 Mai shari'a Lang ta yanke cewa hukumar ta saɓa doka, domin dokar 1984 ba dokar tara haraji ba ce, ba a yarda a tsawwala kuɗin izini da niyyar samar da rarar da za a kashe a wasu ayyuka ba. Tun kafin nan, a 1995, mazauna Primrose Hill sun sa kotu ta rushe irin wannan tsari na hukumar Camden saboda ba a tuntuɓe su bisa adalci ba. Mu da muka zauna Abuja ma mun tuna yadda Babbar Kotun birnin tarayya ta dakatar da karɓar kuɗin ajiye mota a titi a 2014, bisa dalilin cewa babu dokar da ta ba da ikon karɓarsa. Saboda haka, Baban Zainab, ku tambaye su a rubuce yadda suka lissafa kuɗin, kuma kada ku ji tsoron ambaton kotu.

Injiniya Habu:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, shari'o'in da ka kawo haka suke, sai dai a yi hattara da abin da za a ɗora a kansu. Hukuncin Barnet bai hana hukuma samun rara ba. Sashe na 55 na dokar ya yarda da rarar, ya dai ƙayyade inda za a kashe ta, kamar gyaran tituna da tallafin sufurin jama'a. Abin da aka hana shi ne a sa neman kuɗin ya zama shi ne manufar. Bai kuma hana a sa farashi mai tsada don rage yawan motoci ba. Ƙofar kotu a buɗe take, amma ƙunƙuntacciya ce: mako shida ne kacal daga ranar da aka zartar da umarnin, kuma alƙali ba zai duba ko tsarin yana da kyau ko ba shi da kyau ba, zai duba ne ko hukuma ta wuce ikonta ko ta tsallake wani mataki. Wanda ya faɗi a shari'ar kuma yana iya ɗaukar kuɗin lauyoyin ɗaya ɓangaren. Ga mai layi ɗaya da suruka marar lafiya, kansilolin mazaɓarsa sun fi masa kusa, kuma suna da zaman ganawa da jama'a da kowa yake iya halarta. Ƙa'idojin sun ba hukuma damar sassauta tsarin kafin ta zartar, kuma rage awoyi ko cire Asabar yana cikin abin da na sha gani an yi.

Baban Zainab:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma na karanta sanarwar, ta doka ce kamar yadda Injiniya ya zata, kuma saura kwana goma sha biyu a rufe. Jiya da daddare ni da maƙwabcina muka bi shawarar Maman Sadiƙ muka ƙirga, yau da safe muka sake. Da dare akwai gurabe kaɗan da babu kowa, da safe kuwa layin a cike yake maƙil duk da cewa kusan rabin maƙwabta sun fita aiki da motocinsu, wato masu jirgin ne da gaske. Saboda haka na janye daga cewa a'a gaba ɗaya. Zan rubuta tawa wasiƙar in nemi hanin awa biyu, Litinin zuwa Juma'a, da izinin masu jinya, in kuma saka tambayar Alhaji game da lissafin kuɗin. Mai zagayawa da takardar koken bai ji daɗin maganata ba, ya ce na raba kan layi, amma gidaje biyar sun ce za su rubuta irin tawa da nasu dalilan. Injiniya, idan ba damuwa, Asabar mai zuwa za mu sake ƙirgawa da safe da kuma la'asar. Shin hotuna masu ɗauke da kwanan wata sun isa a haɗa da wasiƙar, ko sai mun rubuta adadin a jadawali?