Gishiri a cikin kwalta: shawarwarin ma'aikatan hanya

Da masu aikin hanya a ƙasashen sanyi suka tattauna kan kwaltar da ake kwaɓawa da gishiri, maganar ta fi karkata kan Verglimit, haɗin da aka fito da shi a Suwizalan a shekarun 1970. Ƙwayoyin gishirin kalsiyom kulorayid ne da aka lulluɓe da man tsiro, ana zuba kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na kwaɓin a shimfiɗar saman hanya. Tayoyi na cin hanya, gishirin na fitowa kaɗan-kaɗan, sai ƙanƙara ta kasa kama kwalta.

Kusan kowa ya yarda cewa kada a shimfiɗa shi ko'ina, don tsadarsa ta wuce ta kwaltar yau da kullum nesa. A bar shi ga gada, da gangare, da kwanar da rana ba ta haskawa. Gada ce kan gaba, tunda iska na ratsa ƙarƙashinta, takan riga sauran hanya daskarewa.

Gargaɗin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na santsi. Wannan gishirin yana jan laima daga iska, sabuwar shimfiɗa kan yi damshi ko ba ruwan sama, birki ya ƙi ci. Shi ya sa suka nace a daddanne kwaltar sosai, a wanke samanta, a watsa yashi kafin a buɗe wa motoci. Ran direba ya fi gaggawar buɗe hanya muhimmanci.

In dusar ƙanƙara ta yi yawa kuwa, dole motar share ƙanƙara ta fito, a ƙara watsa gishiri.