Bonat na rawa a kan babbar hanya: abin da kowa ya gani da yadda ya gyara

Mai tambaya, daga Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fama da wannan matsala. A cikin garin Legas motata lafiya ƙalau take, domin cunkoson Ikeja da Oshodi ba ya barin mutum ya taka ta, amma da zarar na hau hanyar Ibadan na wuce Berger, gudu ya kai kilomita 90, sai bakin bonat ya fara kaɗawa ta ɓangaren fasinja, kuma abin yana ƙaruwa idan na zo wuce tirela. Sitiyari ba ya motsi ko kaɗan. Wani bakanike ya ce in sake tayoyi, sai dai hankalina bai kwanta da maganarsa ba.

Direban haya, daga Mile 12:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi taya tukuna. Rawar tayar da ba ta da balansi a sitiyari ake jin ta, ko a kujera idan ta baya ce, ita kuwa ta kujerar inji, wato abin da inji ke zaune a kai, tun mota na tsaye take bayyana. Taka aikin iska ne, shi ya sa ba ka ganin ta sai a babbar hanya, domin idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin iskar da ke dukan mota yakan ninka sau huɗu. Tawa ma ta yi haka. Ka buɗe bonat ka duba kusurwoyin gaba, za ka ga robobi baƙaƙe masu zare waɗanda bonat ke zama a kansu. Nawa ɗaya ya lotsa, ɗaya ya tsage saboda zafi. Na sayo sababbi a kasuwar kayan mota ta Ladipo, na riƙa murɗa su sama rabin zagaye ina rufewa ina dubawa, har bonat ya daidaita da gefen mota. Tun daga ranar ban sake ganin rawa ba.

Mai gyaran jikin mota, daga Mushin:

Maganar ɗan'uwana direba gaskiya ce, amma zan ƙara a kai, domin wannan ita ce sana'ata kuma na ga inda robobi kaɗai ba su isa ba. Bonat yana zama daram ne idan makulli yana janyo shi ƙasa, robobi suna tura shi sama. Idan ɗaya ya saki, sai a sami ɗan rata, iska ta riƙa wasa da shi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: nakan ɗora 'yar takarda a kan roba, ƙarshenta yana leƙowa waje, in rufe bonat in ja ta. Idan ta zare babu wahala, robar ba ta taɓa komai. Daga nan sai in kama bakin bonat da hannu biyu yana rufe, in girgiza shi sama da ƙasa. Idan ya yi ƙara ko ya motsa, makullin ne ya yi sama, sai a sassauta notocinsa, waɗanda galibi sifana mai lamba 10 ke kwance su, a saukar da shi kaɗan a ɗaure. Kada a wuce gona da iri, domin idan an matse shi fiye da kima sai wayar buɗewa ta yi tauri, wata rana ta tsinke.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Bonat hawa biyu ne, akwai falle na sama da muke gani da ƙashi na ciki, kuma a tsakiya ɗigo-ɗigon gam ne ke riƙe su. Zafin inji da zafin rana sukan busar da gam ɗin ya ɓalle, sai ka ga tsakiyar bonat ne ke rawa alhali bakinsa a kame yake. Na sha cire bargon da ke manne a ciki in tarar da gam ya bushe yana marmashewa a yatsa. Maganinsa a kankare tsohon a zuba gam na jikin mota mai jure zafi, a bar shi ya kwana. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne motar tokumbo da ta yi haɗari a ƙasar waje aka miƙe gabanta a nan cikin gaggawa, domin idan ƙarfen da makulli ke zaune a kai ya karkace, ko hinjin ya lanƙwashe, sai an miƙe su kafin saiti ya kama. Kuma ina roƙonku, ku daina ɗaure bonat da igiya ko waya kuna hawa babbar hanya.

Hajiya, daga Idi-Araba:

Ni tawa rawar ba ta zo da sauƙi ba. An duba mini man inji a wani gidan mai, yaron ya saki bonat bai danna ya shiga ba. Ina tsakiyar gadar Third Mainland, inda iskar ruwa ke bugowa daga gefe, sai na ga bonat ya ɗago kamar faɗin yatsu uku yana bugawa. Ƙugiya ta biyu, wadda ke tare bonat idan makulli ya saki, ita ce ta riƙe shi, Allah Ya kiyaye. Na kunna fitilun gargaɗi, na rage gudu a hankali ba tare da taka birki da ƙarfi ba, na koma gefen dama. Da bakanike ya duba, ƙugiyar ta yi tsatsa har da ƙyar take komawa mazauninta, ya ce iskar gishiri da ruwan damina na Legas ne. Ya wanke ta ya sa mata giris. Malam mai tambaya, don Allah ka gwada ƙugiyar motarka da yatsa ka tabbatar tana komawa da kanta kafin ka sake yin tafiya.

Mai shigo da motoci, daga Apapa:

Sannu da arziki, Hajiya. Masu motocin da aka kawo daga Amurka su sani cewa wani lokaci matsalar daga masana'anta take. A shekarar 2020 kamfanin Nissan ya yi kira a mayar masa da motocin Altima ƙirar 2013 zuwa 2018, kimanin miliyan 1.8, domin gyara, saboda tsatsa na iya maƙale ƙugiya ta biyu a buɗe. A ƙarshen 2021 Honda ya kira Pilot da Passport da Ridgeline kusan 725,000, saboda rata tsakanin bonat da gaban mota yana barin iska ta shiga ta girgiza shi, har ƙarfen da ke kewaye da abin da makulli ke kamawa ya tsage. Wasu irin waɗannan motoci sun iso nan ba a yi musu gyaran ba. Ni kafin in sayi mota nakan sa lambar shasinta a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci a hanyoyin Amurka, in ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. Ko da ba a ga komai ba, a ɗaga bonat a haska wurin da tocila, idan an ga tsaga ko fenti ya fashe a kewayensa, a kai wa mai gyaran jikin mota kafin a taɓa robobi.