Shanyewar ɓarin jiki na bin gidanmu, likita ya rubuta mana wani suna da alamar tambaya

Mai_Albasa_Mile12:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan abin nan ya haska mini, don kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 44. Tare muke sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, shi ke karɓar lodi in mota ta iso daga Aliero, ni kuma ina rumfa. Ba ya shan taba, ko goro bai dame shi ba, kuma duk sanda aka auna jininsa ba a samun hawan jini. Watan jiya da asuba muna sauke kaya, sai na ga biron da yake rubuta lissafi ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Ya buɗe baki zai kira ni, maganar ta fito a murɗe kamar ta mai magagin barci. Kafin mu samu motar da za ta kai shi asibiti abin ya sake shi, har yana mana faɗa wai mun tara masa jama'a.

A wani asibitin kuɗi aka yi masa hoton kai da ake kira CT, suka ce ba jinin da ya zuba, gajiya ce, ya je ya huta. Bayan sati biyu abin ya dawo, wannan karon har da ƙafa, kuma bai sake shi duka ba. Yanzu jan ƙafar yake yi. Sai aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka yi masa wani hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini wasu fararen tabo birjik, ya ce wannan ya yi yawa ga mai shekara 44. Daga nan ya ajiye hoton ya koma tambayata labarin gida. Na ce masa Babanmu sau uku abin na buge shi kafin ya rasu, bai cika sittin ba. Gwaggonmu kuma tun tana da hamsin da 'yan kai ta fara mantuwa, ta ɗora tukunya ta manta, ta yi kuka ba dalili, har aka ce iska ce. Sai ya rubuta CADASIL a takarda, ya sa alamar tambaya, ya ce sai an yi gwajin ƙwayar gado.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne ni ma ina da ciwon kai na ɓari ɗaya, wanda kafin ya zo sai in ga wani haske yana wal-wal a gefen idona kamar na mai walda. Shekarata 37, 'ya'yana huɗu. Mene ne wannan ciwo? Gwajin dole ne? Kuma ni ma in yi?

Nas_Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya. Malam, abu na farko: ka koma ka faɗa wa likitan maganar ciwon kanka. Ba don lallai kana da shi ba, masu ciwon kan ɓari ɗaya suna da yawa a gari kuma mafi yawansu ba ruwansu da wannan cuta. Amma a gida irin naku labarin yana da nauyi, domin a wurin wasu masu CADASIL irin wannan ciwon kai mai zuwa da haske shi ke fara bayyana tun suna da shekara ashirin ko talatin, shanyewar jiki ta biyo baya a arba'in ko hamsin, mantuwa da canjin hali su zo daga baya.

Ciwon na ƙananan jijiyoyin jini ne da ke can cikin ƙwaƙwalwa. Bangonsu ke kauri ya lalace a hankali, jini ya kasa isa inda ya kamata, sai ƙananan wurare su riƙa mutuwa. Shi ya sa CT kan wuce su bai gani ba, musamman a farko. CT gwani ne wajen nuna zubar jini, amma waɗannan fararen tabo aikin MRI ne. Kuma likitoci ba yawan tabon kawai suke dubawa ba, har da mazauninsa. In suka gan shi a gaban sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin gefen goshi, wurin da hawan jini bai cika taɓawa ba, nan zarginsu ke ƙarfi.

Likitoci a Faransa ne suka raɗa masa sunan a 1993, a 1996 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, NOTCH3. Jini ake ɗiba a duba ta, kuma sau da yawa waje ake tura shi, don haka sai an yi haƙurin jira. Akwai kuma hanyar yanko ɗan guntun fata a duba jijiyoyinta, don lalacewar tana nan a jijiyoyin jiki duka ko da yake a ƙwaƙwalwa take nuna kanta.

Kafin ranar ganin likita, ka samu takarda ka zana gidanku tun daga kakanni: wa ya haifi wa, wa ya yi ciwo, yana da shekara nawa ya fara, da me ya rasu. Ka kira tsofaffin gida a waya, musamman mata, su suka fi riƙe irin wannan. Wallahi takardar nan kan yi wa likita amfani fiye da wani gwajin mai tsada.

Tsohon_Direba_Agege:

Ɗana, ban ce kada ka bi asibiti ba, amma abin da ya bi uba, ya bi ƙanwar uba, ya sauko kan ɗa, a nemi tsari. Mu da muka taso an ce mana jifa kan bi zuri'a. A haɗa da addu'a da ruƙiyya. Sannan in tambaye ka, iyayenku auren zumunci ne? Don na ji ana cewa shi ke kawo irin waɗannan cututtuka.

Likita_a_Ikeja:

Baba, addu'a ba mai hana ta, mu ma muna yi. Amma tambayarka ta biyu na so in amsa, don kada a je a ɗora wa iyayensu laifin da ba nasu ba. CADASIL ba ya bukatar uwa da uba su haɗu a kansa kamar sikila. Ɗaya daga cikinsu ya isa. In uba na da shi, kowane ɗa, mace ko namiji, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira, ko da uwar daga wata ƙasa aka auro ta. Wanda bai ɗauka ba kuwa ba zai ba 'ya'yansa ba. Akwai ɗan'uwansa da ake kira CARASIL, shi ne mai bukatar ɓangare biyu, an fi samun labarinsa a Japan, yana zuwa da zubewar gashi da ciwon baya tun da ƙuruciya. Labarin gidan nan bai yi kama da shi ba.

Malam Mai Albasa, gaskiyar da za ka ji ko ba daga bakina ba: har yanzu ba maganin da ke warkar da CADASIL. To me ya sa za a kashe kuɗi a gwada Yaya? Na ɗaya, don a tabbatar ba wani abu ba ne mai magani. Cutar Fabry, alal misali, ita ma gado ce, tana kawo shanyewar jiki ga matasa tare da zafin tafin hannu da ƙafa, ƙarancin gumi da matsalar ƙoda, kuma ita akwai maganin da ake ba masu ita. Na biyu, sanin sunan yana canza yadda za a kula da shi. Likita zai yi taka-tsantsan da magungunan tsinka jini masu ƙarfi, don jijiyoyin nan kan yi ƙananan zubar jini. Kada wani a kemis ya haɗa masa komai ba da sanin likitansa ba. Sai kiyaye hawan jini da suga, da nisantar taba, wadda aka san tana matso da ciwon kusa, da zuwa gashin ƙafar nan a wurin likitocin motsa jiki.

Batun kai kuma daban ne. Kada ka yi gaggawa. A fara da mara lafiya. In nasa ya tabbata, sai ka zauna da likita ku tattauna kafin a ɗebi jininka, don akwai wanda sanin ke kwantar wa hankali, akwai wanda yake hana shi sakat shekara da shekaru alhali lafiyarsa ƙalau. Yara kuwa ba a gwada su a kan ciwon da sai an girma yake zuwa. A bar su su kai munzalin da za su zaɓa da kansu.

Maman_Biyu_Alaba_Rago:

Allah ya ba da lafiya. Ni nawa daban ne amma bari in saka baki saboda masu karantawa. A ƙasar nan ciwon gado da ya fi taɓa jijiyar ƙwaƙwalwa shi ne sikila, kuma yara yake bugewa. 'Yata na da shi. Duk shekara ina kai ta cibiyar sikila da ke Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), a yi mata awon gudun jini a kai, wanda suke kira TCD. Ba allura, ba zafi, ɗan abu ne ake shafa wa mai a ɗora a gefen goshi, kana jin ƙarar jinin yana fuu-fuu. Daga shekara 2 zuwa 16 ake yi. In gudun ya kai 200 a ma'aunin na'urar, yaron na cikin haɗari, sai a fara ƙarin jini ko maganin hydroxyurea, wanda aka yi bincike a kansa a asibitin Malam Aminu Kano. Iyaye da yawa ba su taɓa jin wannan awo ba sai bayan hannun yaro ya shanye.

Mai_Albasa_Mile12:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, ba auren zumunci ba ne, Innarmu daga wani gari ma take. Jiya da daddare na kira babbar yayarmu a gida muka yi kusan awa guda, katina ya ƙare ta sake kira. Ashe kakanmu ma a kwance ya shekara huɗu, mu muna yara aka ce mana faɗuwa ya yi daga kan jaki. Akwai kuma wani ƙanen Baba da ban ma san da shi ba. Takardar ta cika, na ƙara wata na liƙa da salatif.

Alhamis za mu koma asibiti, zan faɗi maganar ciwon kaina. Nawa gwajin dai na ajiye shi tukuna. Abin da ya rage mini yanzu shi ne matar Yaya, don har yau ita ta ɗauka hawan jini ne, kuma babban ɗansu na shirin aure bayan Sallah. Likita, ni zan faɗa mata, ko in taho da ita ranar Alhamis ta ji daga bakinku?