Don Allah a taimaka: hamonikata ta ƙi ba da muryar Chicago, kuma na riga na ci kuɗin mutane

Ɗan Autan Hajiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Ina da ɗan situdiyo a shagon da ke jikin gidanmu a Kaduna, tallan rediyo nake haɗawa da waƙoƙin biki. Shagon na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, a nan yake ɗinki. Bayan rasuwarsa yayyena suka dage a ba da haya, aka yi ta kai ruwa rana, har sai da Hajiya ta tsaya mini aka bar mini shi da sharaɗin ni zan riƙa biyan kuɗin wutar gida. Har yau babban yayanmu idan ya zo wucewa sai ya leƙo ya ce "ana nan ana busa?" Na kawo wannan ne don ku san idan aikin nan ya lalace ba kuɗi kaɗai zan rasa ba.

A cikin kayan Baba na tsinci wani tsohon kaset na kawunmu da ya yi karatu a Amurka, a nan na fara jin Little Walter, mabushin hamonika na salon kiɗan bulus (blues) na Chicago, musamman waƙarsa "Juke". Babu baiti ko ɗaya, busa ce zalla, kuma da farko na rantse saksofon ne. Wani abokina da ke shirya gajeren fim a kan direban tirela ya ji ina saurare, ya ce irin wannan yake so a fitowar tafiyar dare. Na ce zan iya. Ya ba ni rabin kuɗi. Na sa ɗan yayata da ke Ingila ya aiko mini da makirufo Shure 520DX, koren nan da mabusa ke riƙewa. Na jona a sawunkad, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, na busa, abin da ya fito siriri kamar kukan sauro. In na ƙara masa ƙarfi sai ya fashe, ba daɗin ji. Ƙarshen wata zai karɓi aiki. Me zan ƙara saya?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Wace irin hamonika ce, kuma wane amfilifaya ka jona? Duk ba ka faɗa ba.

Injiniya Mai Ritaya: Ƙanena, zauna ka ji. Makirufon da ka sayo mai kyau ne, amma shi kaɗai ba ya yin komai. Little Walter mutumin Louisiana ne, haihuwar 1930. Da ya zo Chicago ya tarar jitoci sun koma na lantarki, ga ganga, ba mai jin 'yar hamonikarsa a gidan rawa. Sai ya haɗa ƙaramin makirufo da hamonikar a cikin tafin hannunsa ya rufe ruf, ya jona a amfilifaya ya tura ta har ta wuce iyakarta. Ƙazantar sautin da injiniyoyi ke gudu, ita ya mayar ado. "Juke" ta fito a 1952 a tambarin Checker na 'yan uwan nan Chess, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin R&B na mujallar Billboard. Makirufonin da mabusan Chicago suka yi suna da su, Astatic JT-30 da Shure 520, ba don kiɗa aka ƙera su ba, na sanarwa ne da maganar oba-oba. Ba sa kama can sama, ba sa kama can ƙasa, tsakiya suke damƙa, shi ya sa muryar ke fitowa da kauri.

Hanyar sautin ita ce baki, hannu, makirufo, amfilifaya mai bawul, wato kwalaben nan na cikin tsofaffin rediyo, sai sifika, sannan wani makirufo na biyu a gaban sifikar. Shi na biyun ne ke shiga na'urar ɗauka. Kai ka tsallake uku ka zuba kai tsaye a kwamfuta. Bawul idan ta cika murzawa take yi a hankali, kwamfuta kuwa yanke kan sautin take yi, shi ne fashewar da kake ji. Nemi ƙaramin amfilifaya irin Fender Champ, wat 5 ne, sifika ɗaya inci 8. Kada ka ce sai Bassman na 1959 mai sifika 4 inci 10, wannan na dandamali ne, zai rushe maka shago kafin ya fara daɗi. Ka kafa makirufo na biyun, irin SM57, kamar yatsu uku daga ƙyallen sifikar, ka ɗan kauce daga tsakiya, ka rage tirebul sosai. In kana da wani makirufon ka ajiye shi can nesa ya kamo ɗakin. Ka tsaya a gefen amfilifaya ko bayanta, in ka fuskance ta za ta yi maka kuwwa. Babu wata hanya bayan wannan.

Sadik Beats: Ranka ya daɗe Baba Injiniya, ina zai samo Champ a Kaduna kafin ƙarshen wata? Ɗan Auta, duba sawunkad ɗinka, akwai maɓalli an rubuta INST ko Hi-Z. Makirufon nan ƙofar jita yake so, in ka sa shi a ƙofar layi dole ya fito a rame. Danna shi, ka ɗauka ƙasa-ƙasa kada fitila ta yi ja, sannan ka ɗora fulogin na amfilifaya, wato manhajar da ke kwaikwayon sautinta a kwamfuta, na kyauta ma sun isa. Ka yanke saman, ka sa eko guda ɗaya tak, kamar milisakan 100. Fim ne fa, ga ƙugin tirela a kai. Wa zai gane?

Injiniya Mai Ritaya: Ni zan gane. Matsalar yaran yanzu ke nan, komai sai a ce a gyara a kwamfuta. Na yi aiki da wani yaro a gidan rediyo, ya goge mana faifan hira da ba za a sake samu ba wai yana cire hayaniya.

Sadik Beats: Baba ai ba ni ba ne yaron.

Maman Ilham: Ni ban san kan na'urorin nan ba, murya nake sa wa a talla. Amma ƙanena ka kira abokin nan naka ka gaya masa halin da ake ciki tun da sauran lokaci. Kuma ka ƙaddara ragowar kuɗin nan ba lallai ka gan su ba ko da ka yi aikin. Ni wani mai shirya fim tun kafin azumin bara yake ce mini "Anti gobe", na yi masa muryar mata uku a fim ɗaya, har da ta tsohuwa, maƙogwarona ya yi sati yana ciwo. Yanzu in ya hango ni a wurin biki sai ya kara waya a kunne.

Abu Samaru: Duk wanda zai sayi amfilifaya daga Amurka ya ji tsoron Allah ya duba bayanta. Wutarsu 120 ce, tamu 230. Ni tawa ta jita ce, ranar da ta iso ƙanena ya cusa ta a soket ina banɗaki, na fito na tarar da hayaƙi. Mai gyara ya riƙe ta tun damina, kullum wai yana jiran taransifoma daga Legas. Kuma in a kan janareto za ka ɗauka, bawul tana jawo wani gurnani da ba ya fita. Af, akwai wanda ya san mai naɗa taransifoma na kirki a Zariya?

Ɗan Autan Hajiya: Na gode ƙwarai. Anti, abokina ne tun firamare, ba zai yi mini haka ba, kuma in na ce masa ban iya ba yanzu maganar za ta kai gidanmu. Baban Khalifa, hamonikar mai ramuka 24 ce, jere biyu, an rubuta C a gefe. A kasuwa na saya, sabuwa dal. Na ga ƙananan masu 10 amma na ɗauki babbar don ta fi yawan sauti. Busa kuwa tun ina yaro nake yi, ba matsalata ba ce.

Injiniya Mai Ritaya: Innalillahi. Ashe tun daga tushe ne. Wadda ke hannunka tiremolo ce. Kowane sauti a cikinta harsunan ƙarfe biyu ne ke ba da shi, an ɗan saɓa su da gangan don su riƙa rawa. Ta yi kyau da taken makaranta, amma ba da ita ake bulus ɗin Chicago ba. Tasu ita ce ƙaramar da ka raina, ramuka 10, harsuna 20, irin Marine Band ta kamfanin Hohner da ke Trossingen a Jamus, wadda ake yi tun 1896. Sannan ba a kan ki ɗin da aka rubuta a jikinta, wato harafin nan irin C ɗin taka, ake busa ba. "Juke" a E take, da hamonikar A aka busa ta. Wannan juyin shi ke sa yawancin aikin ya koma zuƙa maimakon hurawa, a rami na 2 da na 3 da na 4. A nan ake lanƙwasa sauti: kana zuƙa, ka ja bayan harshenka baya, ka buɗe maƙogwaro, sai sautin ya sunkuya ƙasa. Kukan da ya kama zuciyarka a kaset ɗin kawunka ke nan, kuma daga bakin mutum yake fitowa tun kafin ya isa waya.

Riƙon ma aiki ne. Hamonika tsakanin babban yatsa da manuni na hagu, makirufo a sauran yatsu ukun, ka bar tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu kada su gogu. Dama ta zo ta rufe baya, kuncinka ya toshe ramukan sama da ba ka amfani da su. In ka rufe daidai za ka ji sautin ya yi duhu ya cika, in ka ɗaga yatsa ɗaya ya washe. Doguwar taka ko hannun ɗan dambe ba zai rufe ta haka ba.

Ɗan Autan Hajiya: Baba Injiniya da girmamawa, na ga hoton Little Walter da idona riƙe da doguwar hamonika. Kuma tawa tana da daɗi in na busa ta ba makirufo, kowa ya shigo shago sai ya yaba. Ni dai ina ganin amfilifayar ce.

Injiniya Mai Ritaya: Wadda ka gani kuromatik ce, mai maɓalli a gefe. Ya busa ta, gaskiya ne, a wasu waƙoƙin. Taka tana da maɓalli?

Hamza Tudun Wada: Ni ban ga dalilin wahalar amfilifaya ba sam. Sonny Terry har ya bar duniya da hannu yake wasa da sauti a gaban makirufo, yana buɗewa yana rufewa. Sonny Boy Williamson na biyu, wanda ya yi shirin King Biscuit Time a rediyon Helena ta Arkansas tun 1941, yawancin faya-fayensa haka suke, ba ƙazanta. Direba shi kaɗai cikin dare, ai busa mai tsabta ta fi dacewa da shi. Sayi ƙaramar A, ka yi dogayen sautuka uku zuwa huɗu, ka tashi.

Na Maraɗi: Ku bari in jefa tawa. Direban nan Bahaushe ne ko Ba'amurke? Ka samo mai goge ko kukuma, ka sa masa koren makirufon nan, ka ji abin mamaki. Tsirkiya ɗaya tana lanƙwasa sauti yadda ake so ba sai ka koyi komai ba. Ba ni na fara hango dangantakar ba, wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya yi littafi a 1999 yana cewa da yawa daga siffofin bulus daga yankinmu na savana suka tafi. Ka saurari Ali Farka Touré na Mali ka gani.

Abu Samaru: Goge a fim? Ka san yadda mutanenmu ke kallonsa, za a ce an kawo kiɗan bori.

Na Maraɗi: To bulus ɗin a masallaci aka haife shi? A can ma kiɗan sheɗan masu zuwa coci suke ce masa.

Baban Khalifa: Jama'a a bar wannan, kada a rufe mana zaure kamar wancan karon.

Ɗan Autan Hajiya: Na gode da shawarwari. Goge ba zai yiwu ba, shi na kaset ɗin ya ji kuma shi na yi alkawari. Lanƙwasa sauti kuma ina ganin zan iya yi a kwamfuta, ina yi wa mawaƙan biki kullum. Maganar sayen wata hamonika, kuɗin da ya rage na wutar gida ne, ba zan taɓa ba. Abin da nake nema yanzu, duk mai amfilifaya mai bawul a Kaduna ko Zariya ya ba ni haya na yini ɗaya, zan zo da kaina in ɗauka in dawo da ita lafiya.

Injiniya Mai Ritaya: Kuɗin hayar da na mota sun isa su saya maka ƙaramar A. Tawa tana Jos kuma ba ta fita daga ɗakina. Ka zo da mai ramuka 10 in kunna maka, da waccan kuwa kada ka wahalar da kanka.

Sadik Beats: Wai ka danna INST ɗin kuwa?

Maman Ilham: Ka kira shi dai.

Abu Samaru: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsar mai taransifoma.