Neman kalmar Hausa: me za mu kira "mala", yajin mutanen Sichuan?

'Yan uwa masu kishin harshe, ina yi muku sallama. Na zo da wata kalma ta Sinanci wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina ganin na samo mata suna a Hausa, amma zan shimfiɗa hujjata gaba ɗaya domin wanda ya fi ni sani ya duba ya gyara.

Asalin maganar shi ne wata ziyara da na kai wa ƙanena da ke karatu a Chengdu, babban birnin lardin Sichuan na ƙasar Sin. Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallacin Huangcheng, wanda ke dab da dandalin Tianfu a tsakiyar birnin, sai ya ja ni wani ɗan ƙaramin gidan abinci mai ɗauke da alamar "qingzhen" a ƙofa, wato kalmar da Musulmin Sin suke nufin halal da ita. Wuri ne matsattse, tebura sun kusa haɗuwa da juna, ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa suna shiga suna fita, mai karɓar oda tana ɗaga murya tana isar da saƙo ga masu girki. Mutanen Chengdu suna yi wa irin waɗannan wurare laƙabi da "gidan abincin ƙudaje", kuma sau da yawa yabo ne a bakinsu, domin sun yarda cewa a nan ake samun hannun da ya iya girki ba tare da tsada ba. Birnin ba ƙanwar lasa ba ne a wannan fanni, domin a shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin biranen da suka yi fice a duniya wajen abinci.

An kawo mana yankakken naman sa yana iyo cikin jan mai da busasshen barkono, da kuma awara mai taushi a cikin miya da niƙaƙƙen nama, wadda suke kira mapo. Na tashi a gidan da ba a wasa da yaji, saboda haka zafin barkonon bai ba ni mamaki ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani abu na biyu da ya biyo baya: leɓɓana da kan harshena suka fara wani irin zirr-zirr kamar ana kaɗa su daga ciki, ruwan da na kurɓa ya canza ɗanɗano, kuma duk da haka ban daina jin daɗin naman ba. Da dare na kira mahaifiyata, ta ce, "To me suka ba ka ka ci?" Na ce, "Inna, yaji ne, amma ba yajin da kika sani ba." Daga nan magana ta ƙare mini, domin ba ni da kalmar da zan ɗora. Wannan giɓin ne nake so mu cike.

Sinawa suna kiran wannan ɗanɗano "mala", kuma kalmomi biyu ne aka haɗe. "La" shi ne zafin barkono da muka sani, shi ne yajinmu ba tare da wata gardama ba. "Ma" shi ne wancan zirr-zirr ɗin, kuma ba daga barkono yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga ɓawon 'ya'yan wata bishiya mai ƙaya da suke kira "huajiao". Ɓawon kaɗai ake amfani da shi, ana zubar da baƙin ƙwayar da ke ciki saboda tana yin kamar yashi a baki. Akwai ja, akwai kore, kuma gundumar Hanyuan ta Sichuan ta yi suna wajen noman mai kyau. Saboda haka aikin da ke gabanmu biyu ne: sunan kayan ƙamshin, da sunan ɗanɗanon.

Bari in fara da kayan ƙamshin, domin a nan ne na ga an fara yin kuskure. Wasu masu rubutun girke-girke suna cewa "barkonon Sichuan", wanda fassara ce kai tsaye daga sunan da Turawa suka ba shi. Ina adawa da wannan suna da gaske. Huajiao ba barkono ba ne, ba kuma masoro ba ne, ba shi da dangantaka da ko ɗaya daga cikinsu. Ɗan gidan su lemo ne a wajen masana tsirrai, abin da ya sa ake jin ƙamshin ɓawon lemo a cikinsa. Wannan dangantaka ce ma ta sa Amurka ta hana shigo da shi daga shekarar 1968 har zuwa 2005, don gudun kada ya ɗauko cutar da ke lalata gonakin lemo. Tarihi ma ya raba su: Sinawa sun fi shekara dubu biyu suna amfani da huajiao, alhali barkono baƙo ne daga nahiyar Amurka, bai isa ƙasar Sin ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya zauna a tukunyar mutanen Sichuan. Idan Bahaushiya ta karanta "barkonon Sichuan" a cikin bayanin girki, za ta ɗauka wani nau'in barkono ne mai zafi, ta maye gurbinsa da attaruhu, kuma abin da za ta sauke ba zai yi kama da abin da ake nufi ba ko kaɗan.

Abin farin cikin shi ne muna da ɗan uwansa na jini a gida. Fasakwari, wanda ake sayar da ɓawonsa a wajen masu kayan yaji da masu maganin gargajiya, yana cikin rukunin bishiyoyin da masana suke kira Zanthoxylum, kuma huajiao ma a cikin wannan rukuni yake. Dukansu masu ƙaya ne, dukansu masu ƙamshi ne, kuma duk wanda ya taɓa tauna saiwar fasakwari ya san yadda take kashe baki na ɗan lokaci, dalilin da ya sa ake neman ta idan haƙori yana ciwo a wurare da dama na Afirka ta Yamma. Don haka sunan da nake gabatarwa shi ne "fasakwarin Sin". Na san akwai bambanci, domin mu ɓawon itacen da saiwarsa muka fi sani, su kuwa ɓawon 'ya'yan suke ci, amma sunan yana kai mai karatu gidan da ya dace. Wannan salo ne da Hausa ta saba da shi wajen karɓar baƙon abu, kamar yadda muka ce dankalin Turawa.

Ɗanɗanon ne ya fi ba ni wahala. Na bi kalmomin da muke da su ɗaya bayan ɗaya. Raɗaɗi da zugi na ɓangaren zafi ne, sun riga sun shiga ƙarƙashin yaji. Bauri na goro ne da ɗanyen 'ya'yan itace, yana tattare baki ne, ba ya kaɗa shi. Ƙaiƙayi yana tuna wa mutum gwazar da ba ta nuna ba, kuma aibi ne a abinci. Dasashewa ta haƙora ce bayan an sha tsami. Wata malamar koyar da girki da na tuntuɓa ta ba ni shawarar "yaji mai sagar da baki", kuma na daɗe ina juya shawarar tata, domin ta fi sauran kusa. Sai dai sagewa tana nufin gaɓa ta daina aiki, ji ya ɗauke, kamar yadda leɓe yake zama bayan likitan haƙori ya yi allura. Abin da huajiao yake yi kusan kishiyar haka ne a farkonsa, domin baki cika yake da motsi.

Binciken masana ya goyi bayan abin da harshe yake faɗa. Zafin barkono yana zuwa ne daga sinadarin kafsaisin, wanda yake taɓa jijiyoyin da aikinsu shi ne sanar da jiki cewa wani abu yana ƙuna, kuma gano wannan hanya na cikin abin da ya sa masanin kimiyya ɗan Amurka David Julius ya samu kyautar Nobel a shekarar 2021. Sinadarin da ke cikin huajiao kuwa, wanda ake kira sanshul, jijiyoyin taɓawa yake zaburarwa. A shekarar 2013 wasu masu bincike a wata jami'a da ke Landan sun shafa shi a leɓɓan mutane, suka sa su kwatanta abin da suke ji da wata na'ura mai karkarwa da aka ɗora musu a yatsa, sai aka samu cewa ya yi daidai da karkarwa kusan sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Ashe kalmar da muke nema ba ta ɗanɗano ba ce tsantsa. Kalma ce ta wani motsi da ake ji a jiki alhali babu abin da ke motsi.

Hausa tana da wannan kalma, kuma ita ce minjirya. Minjirya kifi ne na kogunanmu da tafkin Cadi, wanda yake fizgar duk wanda ya taɓa shi da wutar da ke jikinsa, kuma masunta sun san shi tun kafin a kawo lantarki ƙasar Hausa. Daga sunan kifin ne muke cewa minjirya ta kama mutum idan ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, ya tashi ya ji tana zirr-zirr, ba ciwo ba ne sosai, ba kuma mutuwar gaɓa ba ce, kuma bayan ɗan lokaci sai ta sake shi. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne da na tambayi ƙanena yadda Sinawa suke faɗin ƙafa ta yi minjirya, sai ya ce da wannan "ma" ɗin dai suke faɗa. Wato su ma kalmar da suke amfani da ita ga ƙafar da aka danne ita ce suka kai kan harshe. Idan muka yi haka a Hausa, ba mu ƙirƙiro wani baƙon tunani ba, mun bi sawun da masu abincin suka bi ne da kayan aikinmu.

Saboda haka ga abin da nake gabatarwa: "ma" shi ne minjirya, "la" shi ne yaji, "mala" kuma shi ne "yajin minjirya". Kalmar yaji tana da wata fa'ida a nan, domin a Hausa tana nufin ɗanɗanon, tana kuma nufin haɗin da aka daka, kamar yajin tsire ko yajin ƙuli. Haka "mala" take a wajen Sinawa, suna kiran ɗanɗanon da ita, suna kuma kiran haɗin man da barkonon da huajiao da ita.

Akwai ƙorafi biyu da aka riga aka yi mini, kuma ba zan ɓoye su ba. Na farko daga wani dattijo ne da ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Kano da Guangzhou. Ya ce mini, "Ɗana, wanda ya ji yajin minjirya zai zaci an daka busasshen kifi ne a ciki." Na amsa masa da ladabi cewa, "Baba, yajin jego ma ai ba jego aka daka ba." Ɗafa ƙeyar mallaka a Hausa, wato "n" ɗin da ke ƙarshen "yajin", tana ɗaukar ma'anoni da yawa, wani lokaci tana nuna abin da aka yi abu da shi, wani lokaci wanda aka yi dominsa, wani lokaci kuma abin da yake jawowa, kamar yadda muke cewa maganin barci. Na yarda cewa a karon farko wani zai iya tambaya, amma bayani na jimla ɗaya ya ishe shi, kuma ba zai sake mantawa ba domin ya san minjirya a ƙafarsa.

Ƙorafi na biyu shi ne me ya sa ba za mu ari "mala" yadda take ba, kamar yadda muka ari shayi da burodi. Ba na ƙin aro, kuma Hausa ba ta taɓa jin kunyarsa ba. Amma shayi da burodi sun shigo ne tare da abin da suke nufi, kowa ya gani ya taɓa ya ci, sunan ya manne. Mala ba ta shigo kasuwanninmu haka ba tukuna, mafi yawan masu karatu za su haɗu da kalmar ne kafin su haɗu da abincin, kuma kalmar da ba ta ɗauke da hoto a zuciya ba ta koyar da komai. Ga shi kuma Mala sunan mutane ne sananne a Borno da Yobe, sannan karin sautin da yake bambanta "ma" na minjirya da "ma" na uwa ko na doki a Sinanci zai ɓace a rubutunmu, tun da ba ma sa alamar karin sauti. Ba laifi a ambaci kalmar ta asali sau ɗaya ga matafiyi, domin ya gane ta idan ya ji ta a bakin mai abinci, amma a cikin zancen Hausa gara tamu.

Na gwada sunan a cikin jimloli domin in ga ko zai zauna, domin kalmar da ba ta shiga jimla ba ta da amfani ko da hujjarta ta kai ina. "Wannan romon yana da yajin minjirya." "A rage mini minjiryar, a bar yajin yadda yake." "Koren fasakwarin Sin ya fi ja minjirya, amma jan ya fi shiga da nama." "Idan ba ka saba ba, ka nemi mai ɗan yaji kaɗan, domin minjiryar takan sa mutum ya ci fiye da yadda cikinsa zai ɗauka." Duk sun zauna mini a kunne, kuma jimla ta biyu ce ta fi gamsar da ni, domin ta nuna cewa ana iya raba kalmar gida biyu a yi aiki da kowane ɓangare, daidai da yadda ake yi a gidajen abincin Chengdu, inda mai ci yakan faɗi matsayin da yake so na kowanne.

Na dawo gida da ƙullin jan huajiao. Na soya kaɗan a busasshen kasko, na daka, na barbaɗa a kan awarar da aka soya da yaji, na miƙa wa mahaifiyata ba tare da na gaya mata sunan da nake tunani ba. Ta ci, ta yi shiru, ta taɓa leɓenta da yatsa, sannan ta ce, "Wannan abu ai kamar minjirya yake yi a baki." Daga yanzu yajin minjirya da fasakwarin Sin zan riƙa rubutawa. Ina roƙon 'yan uwa na Sakkwato da Damagaram da Zangon Kumasi su gaya mini ko a karin harshensu minjirya tana ɗauke da wannan ma'ana ta biyu, ko kuwa akwai wata kalmar da suke faɗa idan ƙafa ta yi zirr-zirr.