Sai an sauke giya kafin a gane ciwon mota?

Malam Idi: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka yi ta ja-in-ja da wani maƙwabcina. Shi cewa ya yi duk wanda ya ce zai bambance matsalar kuloci da ta giyabos a gida, ba tare da an sauke giya ba, canki-canka kawai yake yi. Ni kuma na ce kunne da ƙafa sun isa su nuna maka inda ciwon yake. Masana, a raba mana gardama.

Kawu Bala: Wa alaikumus salam. Ina bayan maƙwabcinka, Malam. Na daɗe a ƙarƙashin mota, kuma abin da ke cikin ƙarfe ido ne shaidarsa. Sau nawa mutum zai zo min da farantin kuloci sabo dal a leda, ya riga ya yanke wa motar hukunci, a buɗe a tarar nasa na ciki garau yake?

Hajiya Rabi: Kawu, a yi min afuwa, amma ni na gani da idona. Wata safiya motata ta ƙi karɓar giya, ribas kuwa sai ƙurrr kamar ana niƙa tsakuwa. A wani gareji aka ce min giyabos ya tashi aiki. Da na dawo gida, ɗana ya kashe injin ya gwada, sai ga giyoyin suna shiga ɗaya bayan ɗaya lafiya lau. Ya tayar, suka ƙi. Ya tattaka kuloci sau biyar da sauri, ta ɗaya ta shige. Sai ya durƙusa ya leƙa saman fedar, ya shafo da yatsa: man birki ne ke tsiyayowa daga silindar kuloci ta sama, har ya jiƙa kafet. Ita kaɗai aka canza, ba wanda ya taɓa giyabos.

Kawu Bala: Yaron ya yi kai, Hajiya, Allah Ya yi masa albarka. In giya na shiga da injin a kashe amma ta ƙi da injin a kunne, kuloci ne bai saki ba, wannan ban musa ba. Ribas ce ke fara tona asiri, don a motoci da yawa ba ta da zoben da ke daidaita gudu kafin haƙora su haɗu. Amma sa'a kika yi ciwon na waje ne. Da ɗan boris ɗin da ke tsakiyar fulawil ne ya cije, ko farantin ya lanƙwashe, alamar kusan ɗaya ce.

Sadiƙ: Kawu, ai a nan ma akwai bambanci. In na ciki ne, tattaka feda ba zai canza komai ba. Sannan ga gwajin zamewa: ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. Injin ya mutu, kuloci na kamawa. Ya ci gaba da aiki, faranti ya cinye.

Kawu Bala: Kai yaro, wannan gwajin naka shi ke ƙarasa kulocin da ke da sauran kwana. In dole ne a yi, kada ya wuce daƙiƙa biyu ko uku, kuma kada a bar mutum ko bango a gaban motar. Ni na fi son a hau titi, a sa giya ta huɗu ana tafiya a hankali, a danna totur. In allurar injin ta haura motar ba ta ƙara gudu ba, ga ƙauri kamar na birki ya ƙone, to yana zamewa. To sai me? Me ya sa yake zamewa? Ƙarewa ya yi, ko baƙin mai ne ke yoyo daga sil ɗin bayan injin yana jiƙa shi? In na biyun ne ka sa sabon faranti ka bar sil, kwana kaɗan za ka dawo.

Malam Idi: Ka ga kuwa Kawu, da bakinka kana ba ni gaskiya. Duk wannan ai ba ka sauke komai ba tukuna.

Sadiƙ: Har ƙara ma tana magana. Mota a furi, ƙafa ba ta kan feda, kana jin gurnani, ka taka ya ɗauke: boris ɗin cikin giyabos ne. In kuma sai ka taka kukan ke tashi, boris ɗin kuloci ne. Giya guda tak ke ƙara lokacin sa ta, a ce ta biyu, sauran shiru: zoben tagullarta mai daidaita gudu ne ya gaji.

Kawu Bala: A takarda haka ne. A zahiri fulawil mai hawa biyu in ya saki, shi ma ƙwaram-ƙwaram yake a furi, ka taka ya lafa. Ka ce giyabos ne, alhali ba ruwansa. Giyar da ke fitowa da kanta kuma, na sha ganin robar sandar giya ce ko matashin injin ya yage, an kuwa riga an tsorata mai motar.

Hajiya Rabi: To ai mu abin da muke nema ke nan, Kawu. Ba cewa muka yi za mu gyara a gida ba. So muke mu duba man birki, mu leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, mu saurara, don kada a ce mana giyabos mu ce to.

Kawu Bala: Wannan kam ban hana ba. Sayen kaya kafin a buɗe ne na hana. Malam Idi, wai motar wa ake magana a kai, kuma me take yi?

Malam Idi: Tawa ce, Kawu. Ta biyu ce ke ƙara da sanyin safiya, in mota ta ɗau zafi sai ta daina.

Kawu Bala: Yaushe rabonka da canza man giya? Duba littafin motar ka ga ko nau'in man giya da ake kira GL-4 ya ce, ka faɗa min abin da aka zuba mata.