Lambunan haya a gabashin Jamus: ana neman masu karɓa, ba a samu

Baban Iman ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar ƙananan lambunan haya na Jamus, waɗanda ake kira Kleingarten ko Schrebergarten. A Berlin da Hamburg sai mutum ya yi shekaru yana bin layi kafin ya samu. Amma a wani ƙaramin gari na jihar Sachsen-Anhalt da ke gabashin ƙasar, ƙungiyar masu lambu ce da kanta ta manna takarda a ƙofa tana neman masu karɓa, wasu lambunan ma kyauta har da ɗakin da ke ciki. Me ya kawo wannan bambanci a ƙasa ɗaya? Akwai lauje cikin naɗi ne? Idan mutum zai karɓa don ya shuka alayyafo da tumatir, me ya kamata ya duba kafin ya sa hannu?

Malam Habu ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Iman. Tushen abin yana zamanin Jamus ta Gabas, lokacin da ƙasar take rabe biyu. A lokacin mutane suna zaune a dogayen benaye na siminti, kayan miya da 'ya'yan itace ba su wadata a kanti ba, tafiya hutu waje kuma ba ta kowa ba ce. Lambu shi ne gona, shi ne wurin shan iska. Gwamnati ta ƙarfafa abin ta hannun VKSK, babbar ƙungiyar masu ƙananan lambuna da aka kafa a 1959, aka yi ta yanka filaye a gefen garuruwa har zuwa ƙarshen shekarun 1980. Shi ya sa yau kusan rabin irin waɗannan lambuna na ƙasar, waɗanda jimillarsu ta kai wajen 900,000, suna gabas, alhali mutanen gabas ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar Jamus ba.

Bayan haɗewar ƙasar a 1990 masana'antu suka rufe, matasa suka yi yamma neman aiki, haihuwa ta faɗi warwas. Dubi Hoyerswerda: ta haura mutum 70,000 a farkon shekarun 1980, yanzu ba ta kai rabin haka ba. Eisenhüttenstadt ta haura 50,000 kafin haɗewa, ita ma ta koma ƙasa da rabi. Daga 2002 gwamnati ta fito da shirin Stadtumbau Ost, aka rushe benayen da babu kowa a ciki, amma lambunan da aka yanka domin mazauna benayen suna nan yadda suke. Waɗanda suka karɓi lambu suna 'yan shekara talatin a 1975 yanzu sun kai tamanin, gwiwa ta ƙi, 'ya'yansu suna Stuttgart ko Munich. Wanda kuma ya gina gidansa a bayan gari yana da fili a tsakar gida, ba ya buƙatar haya.

Don haka ba a daina son lambu a Jamus ba. Berlin tana da wajen 70,000 kuma ba sa isa, Leipzig da Dresden ma da jama'a ke ƙaruwa ana nema. Lambun ne yake inda mutanen suka bari, kuma ƙasa ba a ɗaukar ta a mota.

Hajiya Uwani ta rubuta:

Malam Habu ya faɗi dalili. Ni bari in amsa maganar lauje cikin naɗi, domin akwai shi, kuma nan ne sababbin shiga suke ƙonewa.

Abu biyu ne daban. Ƙasar haya ce: ta hukumar gari ce, ko ta coci, ko ta wani mai fili, ƙungiya ta karɓa gaba ɗaya ta rarraba. Ɗakin da itatuwa da shinge da daɓen hanya kuwa mallakar mai haya ne. Ranar da ka karɓi ɗaki, ko a Yuro ɗaya ne ko kyauta, ya zama naka da duk abin da ke jikinsa. A garin da ake layi, in za ka tashi masu kimantawa su zo su yi wa kayan kuɗi, mai shigowa ya biya ka. A garin da babu mai shigowa, babu mai biyan ka ko sisi, kuma yawancin takardun haya sun ce ɗayan biyu: ko ka ci gaba da gyara lambun kana biyan kuɗi har a samu wani, ko ka rushe ɗaki har da harsashinsa, ka tone hanya, ka cire shuke-shuke, ka miƙa fili a kafce. Kotun ƙoli ta tarayya ta tabbatar a 2013 cewa irin wannan sharaɗi halattacce ne. Tsohon da yake ba ka ɗaki kyauta sau da yawa wannan nauyin yake sauke maka. Ba mugunta ba ce, shi ma mafita yake nema, amma ka san abin da kake karɓa.

Ga abin da za ka duba, ɗan'uwa, da rana tsaka kuma ba cikin gaggawa ba.

Fara da rufi. Ɗakunan zamanin Jamus ta Gabas da yawa an rufe su da kwanon siminti mai tudu da kwari, launin toka, wanda akwai asbesto a cikinsa, wani ma'adini mai zare-zare da ke cutar da huhu. An hana amfani da asbesto a Jamus tun 1993. Muddin kwanon bai fashe ba yana zaune lafiya, amma ba a huda shi, ba a yanka shi, ba a wanke shi da injin feshin ruwa mai ƙarfi, domin ƙurarsa ke shiga huhu. Wajen cirewa sai an jiƙa shi, a kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya, a sauke kowane falle bai karye ba, a naɗe cikin buhu na musamman, a kai wurin da aka amince ya karɓa, a biya bisa nauyi. Wasu ɗakunan har bangonsu allon asbesto ne. Tsohuwar takardar kwalta ta rufi ita ma shara ce mai haɗari da kuɗinta daban. Katakon ciki kuma, in ka ga wani farin gari mai ƙyalli a jikinsa ko ka ji wari mai hawa kai, mai yiwuwa an shafa masa maganin ƙwari irin Hylotox da aka yi amfani da shi a lokacin, wanda akwai gubar DDT a ciki. Rushe irin wannan ɗaki ta hannun kamfani yana cin dubban Yuro.

Sai girman ɗakin. Dokar lambunan haya ta tarayya ta 1983 ta ce kada ɗaki ya wuce murabba'in mita 24, har da rumfar zama. Waɗanda aka gina bisa izini a gabas kafin 3 ga Oktoba 1990 an bar su ko sun fi haka, amma sai da shaida, kuma in ka yi masa babban sauyi kariyar ta faɗi. Ka je da tef ka auna da kanka, ka nemi takardar izinin gini. Duk wani ɗan ƙari da aka liƙa daga baya babu izini, ka sa a rubuta cewa mai tashi ne zai cire kafin ya miƙa maka makulli.

Ka tambayi inda ruwan banɗaki yake zuwa. Ramin da ke tsotsewa cikin ƙasa ba a yarda da shi ba, kuma wanda aka tarar a lambun shi za a ce ya kwashe ya cike. Ka duba dogayen itatuwa irin na daji da na gyaɗar Turawa (Walnuss): yawancin ƙungiyoyi sun hana su, saran babba ɗaya da tone kututturensa aiki ne na kuɗi. Ka karanta lambar mitar ruwa da ta wuta a gaban shugaban ƙungiya, a rubuta.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran: kada ka karɓa da baki. Ka nemi a yi kimantawa a rubuce, a jera duk abin da ya saɓa wa ƙa'ida, kuma ka karanta sakin layin da ya yi maganar ranar tashinka. In ƙungiya tana matuƙar neman mutum, kana da bakin ciniki. Ka ce a rubuta iyakar lokacin da za ka ci gaba da kula da lambu bayan ka ba da sanarwar tashi, ko a cire maka nauyin rushe ɗakin da ka tarar. Mafi sauƙi ma, ka nemi filin da aka riga aka share, ka kafa ɗan ƙaramin ɗakin katako na ajiye fartanya da shebur bayan ka samu izini.

Abu Sadik ya rubuta:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara ta ɓangaren ƙungiya, domin lafiyar ƙungiyar ta fi kyan lambun da aka nuna maka muhimmanci.

Kuɗin hayar ƙasa ba shi ne matsala ba. Doka ta ɗaure shi: ba zai wuce ninki huɗu na hayar da manoman kayan lambu na kasuwa ke biya a yankin ba, shi ya sa a ƙananan garuruwa 'yan santi ne a kan murabba'in mita a shekara. Mu ɗauki misali don lissafi: ƙungiya mai lambu 100, kowanne murabba'in mita 300, haya santi 10. Kowane lambu Yuro 30 ke nan. In 30 babu kowa, mai fili ba ruwansa, cikakken kuɗinsa yake jira, sai a raba Yuro 900 a kan mutum 70, wajen Yuro 13 kowanne. Wannan ba ya kashe kowa. Amma ka ɗauka rushe kowane ɗaki Yuro 3,000 ne, kuma masu su sun rasu ko ba su da abin biya: Yuro 90,000 ke nan a wuyan ƙungiyar da yawancin 'ya'yanta 'yan fansho ne. Hayar mutum tana ƙarewa a ƙarshen watan da ya biyo bayan rasuwarsa, in magada suka ƙi karɓar gado, ɗakin ya zauna wa ƙungiya. Ƙungiyoyi sun durƙushe a kan haka.

Sannan lambun da babu kowa ba ya zama shiru. Shekara biyu ta isa ƙayar Brombeere, wata shuka mai yaɗo, ta rufe shi ta ratsa shinge, irin ciyawa ya bi iska zuwa na maƙwabta, ɓerayen ƙasa da dodon koɗi su samu mafaka. Bututun ruwa na bi ta ƙarƙashinsa; in ba a zuƙe ruwan kafin sanyi ba ya daskare ya fashe, ba wanda zai gani sai babbar mita ta nuna gibi, a raba wa kowa. Ɓarayi suna shiga ta nan, masu zubar da shara ma haka. Awannin aikin gayya da kowane ɗan ƙungiya ke bayarwa a shekara sai su ƙaru, wanda ya gaji ya tashi, gibin ya ƙara faɗi.

Kuskuren da shugabanni ke yawan yi shi ne ba sabon shiga duk lambun da ya nuna da yatsa. Sai a wayi gari wurin ya zama nan mutum can kango, ba a iya mayar wa mai fili ko taku ɗaya. Ƙungiyar da ta san abin da take yi tana zana taswira, ta ware layin da ke can gefe ko wanda ruwa ke kwanciya, ta daina ba da haya a wurin, ta lallaɓa waɗanda suka rage su dawo tsakiya, sannan ta share gefen gaba ɗaya ta mayar ko ta sa a rage mata haya. Bayan ambaliyar kogin Elbe ta 2002 da ta 2013 an tashi lambuna da dama da ke kwarin kogi ta wannan hanya. Wasu filayen a mai da su wurin ajiye mota, ko gonar tuffa ta kowa da kowa, ko wurin masu kiwon zuma, ko lambun makaranta. Akwai kuma Tafelgärten, inda marasa aikin yi ke noma kayan miya ana kai wa cibiyoyin raba abinci ga mabuƙata, sai dai wannan yana tsayawa ranar da kuɗin ofishin samar da aiki ya tsaya.

Saboda haka Baban Iman, tambayi shugaban kai tsaye: lambu nawa ne babu kowa cikin nawa? Nawa aka karɓa a hannun kowa bara bayan haya da kuɗin ƙungiya? Wanda ake ba ni yana cikin yankin da za a bari ko wanda za a tasa? In ya kama kame-kame, ka duba wata ƙungiyar, ai suna da yawa.

Malam Habu ya rubuta:

Duk gaskiya ne, amma kada mu tsorata shi ya fasa. Ga mai iyali da ke zaune a bene, fili mai murabba'in mita 300 da ruwa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba alheri ne babba, kuma ƙungiyoyin nan da gaske suke maraba da masu ƙananan yara.

Ka dai san ƙa'idojin zama. Kashi ɗaya cikin uku na filin dole a noma kayan lambu da 'ya'yan itace, kotu ta tsayar da wannan ma'auni a 2004, kuma ƙungiya tana tsananta shi ne don in ta sake, mai fili zai ce wurin shaƙatawa ne ya nemi haya mai tsada. Ba a mai da ɗakin gidan zama. Ba a sayar da amfanin a kasuwa. Kaji da zomaye yawanci an hana, ka tambaya kafin ka saya. Shinge mai rai ba a sare shi daga tushe tsakanin 1 ga Maris da 30 ga Satumba saboda tsuntsaye masu sheƙa, don haka in lambun ya zama kurmi, ka karɓa da kaka ka yi sharar cikin sanyi.

Maganar shuka kuma, kada tumatir da barkono su fita waje kafin tsakiyar Mayu, raɓar ƙanƙara ta dare ɗaya ta isa ta ƙone su. Ka fara renon su a tukwane bakin taga tun Maris. Tumatir yana son rumfa a kansa, domin ruwan sama a ganye shi ke kawo ruɓar da ke baƙanta shi a Yuli da Agusta. Alayyafo yana yi sosai daga Yuni, amma ka yanke kafin ya zubar da iri, in ba haka ba baɗi maƙwabta za su kawo ƙara. Kuɓewa da yakuwa sai cikin ɗakin leda ko na gilashi, shi ma da izinin ƙungiya da iyakar girmansa.

Baban Iman ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Rufin wanda aka nuna min irin mai launin tokan nan ne da Hajiya ta kwatanta. Zan koma in nemi filin da aka share, in kuma ce su ba ni takardar haya da dokokin ƙungiya in karanta a gida kafin mu sake zama.